Asalin Kalmar "Agnostic" da Darajar Faɗin "Ban Sani Ba"

Ɗalibin sakandare a Gesse ko Argungu, in ya ci karo da kalmar "agnostic" a littafin Turanci, yawanci akan gaya masa ma'anarta ita ce wanda ya ce babu Allah. Wannan fassara kuskure ce, domin mai wannan da'awa "atheist" ake ce masa.

Wanda ya ƙirƙiro kalmar masanin halittu ne ɗan Ingila, Thomas Henry Huxley (1825–1895), abokin Charles Darwin, a shekarar 1869 a birnin Landan. Daga Girkanci ya haɗa ta: "a" na nufin babu, "gnosis" kuma sani. Ya yi haka ne don ya bambanta kansa da 'yan Gnostik, wata ƙungiya ta farkon zamanin Kiristanci da ke da'awar sanin asiran gaibu. Matsayinsa shi ne hankalin ɗan Adam shi kaɗai ba ya iya yanke hukunci a kan irin waɗannan al'amura. Larabawa suna kiran wannan ra'ayi "la-adriyya", daga "la adri", wato ban sani ba.

Waɗannan saiwoyi biyu suna nan cikin darasin ilmin halittu. "Anaemia" rashin jini ne, "abiotic" abin da ba shi da rai, "diagnosis" kuwa gano cuta. Ɗalibin da ya riƙe saiwa guda ya huta da haddar kalmomi da yawa.

Mai imani ba zai bi Huxley a sha'anin aƙida ba, tun da yake wahayi ne madogararsa a nan. Amma a ɗakin gwaje-gwaje, ƙin faɗin abin da ba a da hujjarsa wajibi ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar malamai irin su Abdullahi na Gwandu. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "la adri".

Saboda haka, in ɗalibi ya tambayi shekarun da giwan ruwan Matan Fada ke yi a raye, malamin da bai sani ba ya faɗi hakan a fili, sannan su nemo amsar tare. Amsar da aka ƙaga don kare girma takan zauna a kan yaro har ya kai ta zauren jarrabawa, wata rana ma ya koyar da ita ga na baya.