Murɗaɗɗen Haske: Alƙawarin Intanet Mai Sauri da Zoben da Ke Fashewa

Idan aka yi kukan jinkirin intanet, hankali kan koma ga igiyoyin ƙarƙashin teku, irin Equiano da ta iso Legas a 2022. Sai dai zaren gilashin da ke cikinsu yana da iyakar abin da zai ɗauka, shi ya sa masana suka ɗora buri a kan murɗaɗɗen haske.

A 1992 Les Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Leiden ta Holan suka nuna cewa hasken leza da ke juyi kamar guguwa, tsakiyarsa duhu, gefensa zobe, yana ɗauke da ƙarfin juyi da za a iya aunawa. Kowane adadin murɗawa tamkar layi ne mai zaman kansa. A 2013 masu bincike a Amurka suka aika tarabit 1.6 a daƙiƙa ta zare mai tsawon kilomita 1.1.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin sinadaran da haske mai ƙarfi kan sauya wa ɗabi'a, su kuma su lanƙwasa shi, waɗanda ake fatan sarrafa saƙonni da su ba tare da lantarki ba. A masu tattara haske, gefen zoben da ya ɗan fi haske yakan jawo ƙari, har zoben ya fashe gida-gida, kowane ɓangare ya kama gabansa. Firth da Skryabin sun fayyace lissafin wannan a 1997. Magani ya zo daga Technion ta Isra'ila a 2005: a gilashi mai dalma, zafin da hasken ya haifar yakan bazu ko'ina, sai gilashin ya riƙe zoben gaba ɗaya. Amma zafi ba ya sauri, sadarwa kuwa ba ta jira.

Wannan ne masu tallata fasahar ba su cika faɗa ba. Wasu masana ma na ganin murɗawar ba ta fi sauran hanyoyin raba haske ɗaukar saƙo ba.

A Afirka, ɗakin gwajin Andrew Forbes a Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg na cikin jagororin fannin, yana nazarin yadda irin wannan haske zai jure hargitsin iska idan aka aika shi a sarari, babu zare.