Wasiƙa daga Glenwood: Kaka ba ɓacewa ya yi ba

Sanyi ya fara shigowa nan Greensboro, amma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan wasiƙata ta baya Baffa ya aiko mini da saƙo, ya ce in bar mamaci ya kwanta, in fuskanci karatun da ya kawo ni. Baffa, ku gafarce ni, wannan karon ban bi ra'ayinku ba.

Tun muna yara abin da ake gaya mana shi ne Kaka ya tafi yaƙin Hitila, ya ɓace shekara biyar, ya dawo ba ya son magana. To, ba ɓacewa ya yi ba, kama shi aka yi. A watan Yunin 1940, da Jamus ta ci Faransa, an kama dubban sojojin Afirka, waɗanda Nasara ke kira tirailleurs sénégalais ko da mutum bai taɓa taka Senegal ba. Jamusawa ba su so zaman baƙar fata a ƙasarsu, sai suka tsare su a cikin Faransa, a sansanonin da ake kira Frontstalag. Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal, ya zauna a na Poitiers. Daga 1943 ma Faransawa ne ke gadin wasunsu, mutanen da aka ɗebo su don kare musu ƙasa.

Na san abin da ke damun Baffa, ko da bai faɗa ba. A ƙasarmu ta da, wanda aka kama a yaƙi bawa ya zama. Shi ya sa gida ya zaɓi kalmar ɓacewa, don kada a yi wa 'ya'yansa gori. Amma wa shirun nan ya amfana? Ranar 1 ga Disamba 1944, a Thiaroye kusa da Dakar, tsofaffin fursunoni irin Kaka suka nemi a biya su haƙƙinsu, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 Macron ya yarda ya kira abin kisan gilla. Shekara tamanin! Su sun yi shiru don rufa wa kansu asiri, mu kuma mun taya su saboda kunyar da ba tamu ba ce.

Nan jihar da nake, a Camp Butner, an tsare Jamusawa fursunoni. Wanda ya yi aiki ana lissafa masa santi 80 a rana. Na jima ina juya wannan a raina cikin dare, jirgin ƙasa na wucewa bayan unguwarmu.

Katunan fursunonin Faransa suna ajiye a birnin Caen, Red Cross ma tana da nata a Geneva. Na rubuta, an aiko mini da kwafin kati uku. Mutum uku, duk 'yan Nijar, ɗaya an rubuta Mamadou, ɗaya Mahamane, ɗaya Mamane, yadda kunnen magatakarda ya ji. Ranar haihuwa babu, sai ƙiyasin shekara. Kowanne yana iya zama namu. Takardar Bature ke nan, da muke ɗauka ta fi bakin tsofaffinmu.

Gwaggo kuwa ta san abin da babu a kati: cewa itace ya sara a daji cikin ƙanƙara, cewa yatsun ƙafarsa biyu can suka tafi, cewa har ya rasu ba ya cin dankalin Turawa. Ta kuma taɓa ce mini littafinsa na soja yana cikin adakarta. Lambar da ke ciki ita za ta raba gardama tsakanin katunan nan uku.

Don haka, Auta, Juma'ar nan bayan an sauko masallaci ka je wurinta da goro. Ka ɗauki hoton kowane shafi, sannan ka kunna waya ka bar ta ta yi ta magana, kada ka katse ta. Baffa, in kun yarda, ku raka shi. Ku ne kuka wanke ƙafar nan ranar da ya rasu.

Sai na ji daga gare ku.