Inuwa Ma Sai Mai Kuɗi?

A birnin Abijan har inuwa an raba ta kamar yadda aka raba arziki. Wanda ke shakka ya zagaya titunan Kokodi da azahar, sannan ya hau gbaka ya sauka Ajame, ya bi titin Nangui Abrogoua da ƙafa. Can itatuwa ne suka yi wa hanya rumfa. Nan kuwa lemar 'yan tebur ce da tsohon buhu da aka ɗaure a kan sanda. A Aras, cikin Tireshbil, dattawanmu jikin bango suke bi suna jan benci duk inda rana ta juya.

Abin takaicin, Ajame maƙwabciyar dajin Banko ce, gandun da aka keɓe tun 1953, mai faɗin fiye da hekta 3,000 a tsakiyar birni. A 2022 an yi masa katanga don hana masu sara da masu gini, kuma na yaba. To amma ga mai tura amalanke a tashar Ajame, Banko inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Hukumomi za su ce ai suna dashe. Gaskiya ne. Ranar 15 ga Nuwamban 2019 an yi gangamin dasa itace miliyan ɗaya a yini guda, kuma a watan Mayun 2022 Abijan ta karɓi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada. Ƙasar da dazuzzukanta suka faɗo daga hekta miliyan 16 a farkon ƙarnin jiya zuwa ƙasa da miliyan 3 dole ta yi haka. Tambayata ita ce: cikin miliyoyin nan, nawa ne suka tsaya a bakin kasuwarmu? Wa aka ɗora wa ban ruwansu bayan masu ɗaukar hoto sun watse?

Duk lokacin da na ɗauko zancen nan a shirina, sai wani ya bugo waya ya ce, "Malam, mu da ke neman na tuwo, ina mu ina fure?" Ɗan'uwa, maganar rai ake yi. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafi da rana, su amayar da shi da dare, shi ya sa yara ke kwana suna juyi a ɗaki ɗaya. Ƙasar da aka lulluɓe da siminti kuma ba ta shan ruwa. Ruwan Abobo da Ajame haka yake gangarowa gaba ɗaya ya taru a mahaɗar Indeniye. A watan Yunin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci rayuka kusan 20 a garin nan. Itace kaɗai ba zai hana ambaliya ba, amma ganyensa na rage ƙarfin ruwa, saiwarsa na riƙe gangare, ƙasar gindinsa na tsotsewa.

Wasu kuma na cewa saiwa na fasa magudana. Wannan aikin masana ne: su zaɓi irin da ya dace, su bar masa fili. Ba a hana gina gada don kogi na da zurfi.

Ga abin da nake so mu nema, a rubuce, daga gwamnan gundumar Abijan da magadan garin Ajame da Tireshbil. Na farko, duk kwangilar titi, har da layin jirgin metro da zai ratsa unguwannin nan biyu, a sa dashen itace a cikinta, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai itacen ya yi shekara biyu a raye. Na biyu, kada a sare babban itace sai da takardar izini, wanda ya sare kuma ya dasa madadinsa a wannan layin, ba a wani daji mai nisa ba. Na uku, filayen da aka share da rusau tun 2024, a ware wani kaso ya zama lambun jama'a. Idan an tashi talaka don a gyara gari, bai kamata filin ya ƙare a hannun mai shago ba. Na huɗu, a buɗe layi a kasafin kowace ƙaramar hukuma don ban ruwa da shinge, a ɗauki samarin unguwa aikin.

Mu ma akwai namu. Wasu 'yan kasuwarmu kan sare mangwaron ƙofar gida don ƙara taku biyu na shago. Abin kunya ne ga mutanen da yawancinsu suka taso ƙarƙashin bedi da gawo a Maraɗi da Damagaram, a ƙasar da ta mayar da 3 ga Agusta, ranar 'yancinta, ranar dashen itace. Limamanmu da sarakunan Hausawa su tsawatar, kowane masallaci ya riƙi itatuwan ƙofarsa.

Mai tebur a Ajame kullum yana yankar tikitin haraji. Bai roƙi kowa alfarma ba in ya ce a cikin kuɗin nan a saya masa inuwa.