Juya Majinyaci Ma Magani Ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin kowane 10 da ake kula da su a asibiti yakan gamu da wata cutarwa, kuma fiye da rabinta abin da za a iya kauce wa ne. Shi ya sa tun 2019 aka keɓe 17 ga Satumba domin tunatarwa kan kare majinyata.

Gyambon kwanciya na cikin irin wannan cutarwa. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, in ya daɗe a gefe guda, jini yakan daina kai wa fatar ƙugu da diddige. Wurin ya yi ja, daga baya ya ɓare. Rigakafinsa ba tsada: a juya majinyacin kamar kowane awa 2, a sauya zanin gado da zarar ya jiƙe, a duba fatar kullum.

Amma nas ɗaya ba za ta iya yi wa ɗaki guda cike da gadaje wannan ba. Wajibi ne gwamnatoci su ƙara ɗaukar ma'aikatan jinya. Asibitoci kuma su koya wa 'yan'uwan da ke zaman jinya yadda ake juya mara lafiya tun ranar da aka ba shi gado.