Koton Roba: Mai Tasowa Ko Mai Nutsewa?

A shekarar 1949 wani Ba'amurke, Nick Creme, ya narka roba ya zuba tanar ƙarya a garin Akron. Yau masu fatsa da yawa a Amurka suna zuba irin wannan koto a gida. Waɗansunsu suna cewa neman roba mai tasowa bisa ruwa ɓata lokaci ne, wai roba duk roba ce.

To, ba haka ba ne. Roba mai nauyi, musamman wadda aka cuɗa da gishiri, in ta kai ƙasa sai ta kwanta cikin laka kamar matacciya. Mai tasowa kuwa, in an danne kanta da darma, wutsiyarta tsaye take tana kaɗawa, kifi ya hango ya kawo cafka. Bugu da ƙari, ana iya nutsar da mara nauyi duk sa'ad da aka so, amma ta da mai nauyi sai da wahala.

Manomin da ke fatsa da rani ya lura, dabarar nan ta kifi mai farauta da ido ce, irin giwan ruwa. Tarwaɗa kuwa sansane take bi, tana ta gaske ta fi mata.