Hana Beli Da Ƙarar Da Lokaci Ya Riga Ta

Doka ba ta ɗora wa mutum laifi sai alƙali ya tabbatar da shi. Don haka aka yi beli, watau a sallame shi ya jira ranar shari'a a gidansa. A Amurka, cikin 1951, Kotun Ƙoli ta ce kada kuɗin beli ya wuce abin da zai sa mutum ya komo gaban alƙali. Cikin 1987 kuma ta yarda a hana beli in sakin mutum hatsari ne ga jama'a, amma sai an zauna an ji ta bakinsa tukuna.

To, in an hana ba bisa ƙa'ida ba fa, wa zai duba? Nan ne gizo ke saƙa. Wani mutum, Hunt, an tuhume shi da fyaɗe a Jihar Nebraska, inda tsarin mulkin jihar ya hana beli kan irin wannan laifi in shaida ta yi ƙarfi. Ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Amma kafin nan an riga an same shi da laifi. Da magana ta kai Kotun Ƙoli cikin 1982, sai ta ce ƙarar ta mutu, tun da belin kafin shari'a ba ya amfanar wanda aka gama yi wa shari'a. Har hukuncin kotun ƙasa ta soke.

A ganina wannan bai yi daidai ba. Zaman wakafi na 'yan watanni ne, ɗaukaka ƙara kuwa tafiyar hawainiya take, sai ta ci shekaru. In za a jira wanda har yanzu yake tsare, ashe dokar hana beli ba za ta taɓa zuwa gaban manyan alƙalai ba, talaka kuwa kullum ana rufe shi da ita. Na san kotu ba makaranta ba ce da za ta zauna warware tambaya don sha'awa. Amma wannan tambaya tana da masu ita, suna nan a kurkuku, sunayensu ne kawai ke sakewa.

Kanada ta bi wata hanya. Cikin 2002, a shari'ar Hall, wanda aka tuhuma da kisankai, Kotun Ƙolinta ta saurari batun beli ko da yake an riga an yanke masa hukunci. Alƙalai 5 suka rinjayi 4: suka bar hana beli don kiyaye amincewar jama'a ga shari'a, suka soke kalmomin da suka ba alƙali damar hanawa kan kowane dalili da ya ga ya dace.