KIWON LAFIYA: Annobar Korona Da Likitocin Haƙori A Ikko

Ran 27 ga watan Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, a jikin wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka Ikko. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta hana fita a Ikko da Ogun da Abuja, ba a sassauta ba sai ran 4 ga Mayu. Kowa ya ji jiki, amma likitocin haƙori sun ga tasku na daban.

Dalili kuwa a fili yake. Kowane majinyaci yana iya ɗaura takunkumi ya ga likita, ban da mai ciwon haƙori. Shi tilas ya wangame baki, likita ya sunkuyo kansa har su shaƙi numfashin juna. Injin da ake rarake haƙori da shi kuma yana fesa ruwa gauraye da yawu, ya bi iska ya cika ɗaki. Don haka ne cikin watan Agusta na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jinkirta dubawa da wankin haƙori inda cutar ke yaɗuwa, a tsaya ga aikin gaggawa.

Masu asibitin kansu sai ciniki ya tsaya musu cik, ga kuɗin haya, ga albashin ma'aikata. Da aka buɗe kuma, safar hannu da takunkumi sun yi tsada, kuma sai an tsabtace ɗaki kafin a kira na gaba. Mutane kaɗan ake gani a yini, ladan aiki ya hau.

A Agege, ɗan dako da mahaucin Oko-Oba da mai sayar da goro, waɗanda dā ma ba su zuwa asibiti sai kunci ya kumbura, suka koma ga kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin kemis. Waɗannan suna lafar da zogi, amma ba su toshe kogo. Haƙorin da za a cike shi da kuɗi kaɗan sai ya ruɓe har ya kai ga cirewa.

Cikin watan Mayu, 2023, Hukumar ta janye matakin gaggawa a kan korona. Saura darasi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya ji ruwan sanyi ya fara tsinka masa haƙori, ya nemi likita tun ƙofa tana buɗe, ya kuma riƙe aswaki ko buroshi safe da dare.

Allah ya kiyashe mu da sake ganin irinta, amin.